Gishirin lasa kaɗai ya ishi ɗan duƙushi, ko sai an haɗa masa da wani abu?

Mai_Goɗiya_Ɗaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kiwon dawaki. Shawara nake nema. Goɗiyata ta haihu yau wata uku ke nan, ta samu duƙushi namiji. Wannan ne karo na farko da aka haifi doki a hannuna, duk waɗanda na taɓa riƙewa da girmansu na saye su. Lafiyarsa ƙalau, yana shan nono, ya fara tsinkar ciyawa, yana kuma sa baki a kwamin uwarsa. Abin da ya dame ni shi ne kwanan nan ina ganin yana lasar ƙasa a gindin katanga, yana kuma gaigayar katakon ƙofa. Akwai dunƙulen farin gishiri da na rataye wa uwar, amma ban taɓa ganin ya kula shi ba. Wani ya ce in sayo jan dunƙulen nan mai sinadarai in ajiye masa, shi ke nan. Wani kuma ya ce kada in ba shi komai sai an yaye shi. Wanne zan bi?

Ingarma_77:
Wa alaikumus salam. Allah ya raya. Sayo jan dunƙulen ka ajiye masa. Dabba ta san abin da jikinta ke buƙata, in yana so zai lasa, in ba ya so zai bari.

Ummu_Duƙusa:
Barka da arziki Malam. Kafin a ce komai, faɗa mana me uwar take ci. A wata uku rabin amsar tana cikin kwamin uwar.

Mai_Goɗiya_Ɗaya:
Na gode Hajiya. Busasshiyar ciyawa ce, sai hatsi safe da yamma, sai dusar alkama da nake dama mata da ruwa, don an ce tana kawo nono. Dusar kam ina zuba mata da yawa.

Dakta_Dabbobi:
Malam Ingarma, ka yi haƙuri zan ɗan gyara maganarka, domin ita ce ta fi yawo a bakin mutane. Gishiri kaɗai ne doki ke jin ƙwaɗayinsa idan jikinsa ya rasa, ya je ya nema da kansa. Sauran sinadarai irin su kalsiyam, fosfaras, tagulla da zink, ba ya jin rashinsu a baki. Ƙashinsa na iya lalacewa don rashin kalsiyam, ga kuma kalsiyam ɗin a gabansa, bai taɓa ba.

Shi kuma jan dunƙulen, ka juya bayansa ka karanta. Galibinsu fiye da kashi 90 cikin 100 gishiri ne zalla. Sauran ɗan abin da ya rage shi ne sinadaran, jan launin ma daga sinadarin ƙarfe yake. Kafin duƙushi ya samu tagullar da yake buƙata daga wannan dunƙule, sai ya lashe gishirin da ya fi ƙarfin cikinsa. Ga shi kuma asali don shanu aka ƙirƙiro dunƙulen, su da harshensu ke da kaushi. Harshen doki sumul yake, na duƙushi kuwa ya fi laushi, shi ya sa da yawa suke gajiya su bari, wasu su koma gatsa da haƙori.

Don haka a raba abu biyu. Gishiri daban, a ajiye shi a sake, ya ci yadda yake so. Sinadaran gina ƙashi daban, su kuma aunawa ake yi a sa a cikin abinci.

Mai_Goɗiya, dusar da ka ambata ta fi tayar mini da hankali a kan lasar ƙasar. Zan dawo kanta in na gama da wata dabba da ke jirana.

Ingarma_77:
To Dakta, na karɓi gyara. Shekara da shekaru jan dunƙulen nake saye, ina ganin na sauke nauyi.

Baba_Tsohon_Barga:
Yara, ni na ga abin da dusa ke yi da idona, tun ba ku fara riƙe linzami ba. Akwai wani duƙushi da aka ba ni kiwo, ɗan wata tara, kyakkyawa, ga tsawon ƙafa. Mai shi yana son ya ga ya yi ƙiba da wuri, sai ya ce a cika masa dusa da hatsi, ciyawa kuwa kaɗan. Wata huɗu zuwa biyar sai muka ga yana ɗingishi. Yau ƙafar gaba, gobe ta baya, ka duba kofato ba ka ga komai ba. Daga nan doron hancinsa ya fara kumbura ta gefe biyu, muƙamuƙinsa ya yi kauri, tauna ta zame masa wahala, abinci na zubowa daga baki. Mun ɗauka haƙori ne. Sai da aka kira likita ya ce ƙashin ne ke zagwanyewa daga ciki. An canza abinci, ɗingishin ya tafi a hankali, amma fuskar nan ba ta koma daidai ba har na rabu da shi. Har yau in na tuna shi raina na ɓaci, domin da hannuna na riƙa zuba masa.

Dakta_Dabbobi:
Allah ya ƙara lafiya Baba, ka riga ni faɗin abin da zan faɗa, kuma ka fi ni iya faɗinsa. Ciwon nan tsoho ne. A Turai har ciwon masu niƙa ake ce masa, saboda dawakin masu niƙan alkama su suka fi kamuwa, tunda dusa ce a wadace a wurinsu.

Ga yadda abin yake. Ƙashi da kalsiyam da fosfaras ake gina shi, kuma kusan kashi 99 cikin 100 na kalsiyam ɗin jikin doki yana cikin ƙashi da haƙora. Abin da ake so a abincin doki mai tasowa shi ne kalsiyam ya rinjayi fosfaras, kamar 1.5 zuwa 2 a kan 1. Kada dai a bari fosfaras ya hau sama da kalsiyam. To hatsi fosfaras ɗinsa ya fi yawa, dusar alkama kuwa nata ya ninka kalsiyam kusan sau goma. Idan fosfaras ya yi yawa a hanji sai ya hana kalsiyam shiga jiki. Jini kuma ba ya yarda kalsiyam ɗinsa ya sauka, sai jiki ya koma yana kwasowa daga ƙashi. Ƙasusuwan fuska su suka fi nunawa, inda aka kwashe sai wata tsoka mai tauri ta cike gurbin, shi ne kumburin da Baba ya gani.

Wannan ne ma ya sa gwajin jini ba ya kama matsalar da wuri. Za a auna a ce kalsiyam daidai yake, alhali daga ƙashi ake biyan bashin.

Goɗiyarka tana shayarwa, kalsiyam na fita ta nono kullum, ɗan kuma yana cin dusar tare da ita. Ka rage dusar sosai, ka shigo da harawa ko alfalfa, domin ganyen dangin wake yana da kalsiyam mai yawa.

Nazifi_Kiwo:
Tambaya Dakta. Ina da shanu, ina da dawaki biyu. Dunƙulen da nake sa wa shanu ba zai yi wa dawakin ba? Duk wuri ɗaya suke kiwo.

Sadauki_Mai_Sukuwa:
Nazifi, don Allah yau ɗin nan ka je ka duba takardar da ke jikinsa. Akwai wani magani da ake sa wa a wasu abincin shanu da na kaji, sunansa monensin. Saniya na ci ta yi ƙiba, doki kuwa ɗan kaɗan ke lalata masa tsokar zuciya. Wanda bai mutu ba ma yakan rayu da raunin zuciya. Wasu dunƙulen shanun kuma da yuriya a ciki, ita ma ba abincin duƙushi ba ce.

Dakta_Dabbobi:
Gaskiya ne. Miligiram 2 zuwa 3 na monensin a kan kowane kilo na nauyin doki ya isa ya kashe. Dunƙulen tumaki kuma wata matsalar ce daban: ana cire masa tagulla da gangan domin tana yi wa tumaki illa, ita ce kuwa duƙushi ke nema. Abin da aka rubuta na dawaki ne, shi za a saya.

Nazifi_Kiwo:
Innalillahi. Na duba, babu sunan maganin a jiki, amma na ɗauke shi daga inda dawakin ke kaiwa. Allah ya saka.

Ummu_Duƙusa:
Ni ina so in koma kan wanda ya ce kada a ba shi komai sai an yaye shi. Na taɓa bin wannan shawara, ban ji daɗinta ba. Nonon goɗiya yana kai ƙololuwarsa ne a wata na farko zuwa na biyu, daga nan sai ya riƙa raguwa, ɗan kuwa girma yake kamar ana hura shi. Wanda aka haifa da kusan kashi 10 cikin 100 na nauyin da zai kai in ya girma, kafin wata shida ya kusa rabi. Daga wata biyu zuwa uku nono kaɗai ba ya riƙe shi.

Abin da nake yi yanzu, ina keɓe wani lungu in gitta katako a tsayin da ɗan zai shige ta ƙasa amma uwar ba za ta iya ba. A ciki nake zuba masa abincin da aka haɗa don 'yan duƙushi, wanda sinadaran suna ciki an auna. Ƙa'idar da aka koya mini ita ce kimanin rabin kilo a rana a kan kowane wata na shekarunsa, a raba sau biyu ko uku. Naka ɗan wata uku ke nan bai wuce kilo ɗaya da rabi ba, kuma ba rana ɗaya za ka kai shi can ba, da ɗan tafin hannu ake farawa. Wani amfanin kuma, ranar yaye ba ya zabgewa, tunda ya riga ya saba da cin nasa.

Ɗan_Kofato:
Hajiya ta faɗi gaskiya, amma ni da ke yankan kofato ina ganin ɗaya gefen. Waɗanda ake kira na in duba, yawancinsu ba yunwa ce ta kama su ba, ƙoshi ne. Za ka ga ɗan wata biyar ko shida ya yi ɓul-ɓul, mai shi na alfahari, amma saman gaɓar da ke bisa kofato ta kumbura, in ka taɓa da ɗumi, yana tafiya a sanƙare. Wani kuma agarar ta ɗaure, ya koma yana taka ƙasa da bakin kofato, dunduniya a sama. Nama ya riga ƙashi gudu. Sai mai dokin ya ce in gyara da wuƙa. Wuƙa ba ta gyara abin da kwami ya ɓata, sai dai ta taimaka in an rage hatsi.

Kuma a sake su su yi gudu. Duƙushin da ke kulle a ɗaki dare da rana, ko me ka zuba masa ƙashinsa ba zai yi ƙwari kamar na wanda ke tsalle a fili ba.

Ummu_Duƙusa:
Ban musa ba Malam. Shi ya sa na ce a auna. In na ga nawa ya fara ƙiba, hatsin nake janyewa in bar masa ɗan abincin nan mai tattare da sinadarai wanda ake ba da kaɗan. Kuskuren da mutane ke yi shi ne in an ce a rage, sai su yanke komai har da sinadaran.

Gwarzo_Bakwai:
Ni fa duk wannan lissafin yana ba ni mamaki. Dawakin da ke yawo a daji wa ke auna musu giram? Ga su nan suna haihuwa suna girma. Ciyawa da ruwa da gishiri, in dai akwai su, sauran duk tallan masu sayar da kaya ne.

Baba_Tsohon_Barga:
Gwarzo, na daji yana tafiya mai nisa kullum, ya ci wannan ganye ya ci wancan, a ƙasa iri-iri. Ba wanda ke ɗura masa hatsi, don haka a hankali yake girma. Wanda ƙafarsa ta lalace kuma ba ka ganinsa, namun daji sun riga ka. Naka kuwa kai ka ɗaure shi, abin da ka kawo shi zai ci. Amma ban ƙi ta taka gaba ɗaya ba. Na ga mutanen da ke haɗa garin ƙari kala uku huɗu a kwami ɗaya, kowanne da abin da ɗayan ke da shi. Wannan ma ɓarna ce.

Sadauki_Mai_Sukuwa:
Baba ya taɓo inda nake tsoro. A 2009 a jihar Fulorida ta Amurka, dawakin wasan folo 21 suka mutu cikin kwana ɗaya, ana shirin shiga gasa. Da aka bincika, allurar ƙarin kuzari ce aka yi musu, aka yi kuskure wajen haɗawa, wani sinadari mai suna seleniyam ya yi yawa fiye da kima. Manyan dawaki ke nan masu ƙarfi. Babban doki mai kilo 500 abin da yake buƙata na seleniyam a rana kimanin miligiram 1 ne kacal. Ka ga tazarar da ke tsakanin magani da guba ba ta da faɗi.

Dakta_Dabbobi:
Haka ne, kuma rashinsa ma yana kisa. Inda ƙasa ba ta da seleniyam, goɗiya kan haifi ɗa mai raunin tsoka, ya kasa miƙewa, ya kasa kama nono, wani lokaci har zuciya ta tsaya. Seleniyam dai gwajin jini yana nuna shi, saboda haka ba a yin sa da ka. Aidin ma haka yake: in ya yi wa goɗiya mai ciki kaɗan, ɗan ya zo da maƙoƙo, in ya yi mata yawa, kamar masu ba da garin ciyawar teku barkatai, nan ma maƙoƙon ne. Sai maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe. Kada a ɗura wa jaririn duƙushi shi. A shekarun 1980 an yi asarar jarirai a Amurka saboda wani haɗi mai ƙarfe da aka riƙa ba su da zarar an haife su, tun ba su sha dakashi ba, hanta ta lalace. Doki ba kasafai yake rasa ƙarfe a abinci ba.

Akwai abin da ban faɗa ba tun farko, ga masu goɗiya da ciki yanzu. Nonon goɗiya ba shi da tagulla sosai. Ɗan yana tara tasa ne a hanta tun yana ciki, a watanni ukun ƙarshe, da ita yake rayuwa kafin ya fara cin abinci. Tagulla kuwa ita ke taimakawa guringuntsi ya rikiɗe ya zama ƙashi mai kyau. An yi bincike a New Zealand a shekarun 1990, aka ga ƙara wa goɗiya tagulla a ƙarshen ciki ya rage matsalar gaɓoɓi a 'ya'yan, fiye da a jira a ba ɗan bayan haihuwa. Ma'aunin da majalisar bincike ta Amurka ta fitar a 2007 shi ne miligiram 10 na tagulla da 40 na zink a kowane kilo na busasshen abinci. A jikin buhu Cu ne tagulla, Zn ne zink. Zink in ya yi yawa ƙwarai yana danne tagulla, shi ya sa ba a son ɗibar wannan a haɗa da wancan.

Hafsat_Makiyayiya:
Dakta na gode da wannan. Tawa saura wata huɗu ta haihu, da ban san da maganar hanta ba.

Wata tambaya a gefe: tawa ciyawa ce zalla take ci, ba dusa ba hatsi. Ni ma ina cikin haɗarin ciwon da Baba ya faɗa?

Dakta_Dabbobi:
Ya danganta da irin ciyawar, Hajiya. Wasu ciyayin ƙasashe masu zafi, irin su setariya da bafel da kikuyu, suna da wani sinadari da ke ɗaure kalsiyam a hanjin doki ya fita da shi ta kashi. Shanu ba ya damunsu sosai domin tumbinsu na warware shi. A arewacin Ostareliya sun sha fama da kumburin fuska a dawakin da ba su taɓa ganin dusa ba. In irin waɗannan ne suka fi yawa a makiyayarki, sai an ƙara kalsiyam, ko a haɗa da harawa.

Mai_Goɗiya_Ɗaya:
Allah ya saka wa kowa da alheri, na ƙaru ƙwarai. Dusar na fara ragewa tun jiya da yamma. Amma har yanzu ba a ce mini komai kan gishirin shi ɗan ba, da kuma lasar ƙasar. In sa masa ko kada in sa?

Baba_Tsohon_Barga:
Sa masa. Garin gishiri, ba dunƙule ba, a ɗan kwano inda bakinsa ke kaiwa kuma ruwan sama ba ya taɓawa. Kada ka zuba masa a cikin abinci da yawa don ka tilasta shi. Ruwa mai tsabta kuma ya kasance a gabansa kullum, a mazubin da ba shi da tsayi. Gishiri ba ya cutar da doki sai in babu ruwa.

Ummu_Duƙusa:
Baba, a nan kam zan ɗan saɓa maka, da girmamawa. Na taɓa yin wata duƙusa da ta mai da gishiri abin wasa. Ta lasa, ta sha ruwa, ta koma ta lasa. Ɗakin kullum jiƙe da fitsari, ga zawo ya ƙi tsayawa. Mun yi maganin tsutsa, mun canza ciyawa, ashe gishirin ne. Da na ɗauke kwanon, kwana uku zawon ya tsaya. Tun daga nan, ga wanda ke shan nono, dunƙule nake bari, don wahalar lasar ma tana taƙaita shi. Garin sai bayan yaye.

Dakta_Dabbobi:
Duka biyun ana yi. Babban doki da ba ya aiki yana buƙatar gishiri giram 25 zuwa 30 a rana, kusan babban cokali biyu, ya fi haka in yana gumi, domin gumin doki gishiri ne sosai. Ɗan wata uku nasa bai kai ko kusa ba, kuma nono da abincin 'yan duƙushi suna ba shi wani kaso. Ka zuba kaɗan ka sa ido. In ya ƙare da sauri kuma kashinsa ya yi ruwa, bi ta Hajiya Ummu.

Lasar ƙasa kuwa ba lallai rashin wani sinadari ba ne. Ƙananan duƙushi da baki suke sanin duniya, har kashin uwarsu suna ci a makonnin farko, kuma wannan ba ciwo ba ne. Abin tsoro shi ne yashi ya taru a hanji ya kawo zawo ko murɗar ciki. Kada ka zuba masa abinci a kan rairayi.

Ɗan_Kofato:
Gaigayar katakon ma ka duba ko zaman ɗaki ne ya ishe shi. Awa nawa yake yi a waje a rana?

Mai_Goɗiya_Ɗaya:
Gaskiya bai fi awa biyu ba, da yamma in na dawo daga aiki. Ina tsoron kada ya ji ciwo in ba na nan.

Gwarzo_Bakwai:
To ka gani. Ni har yanzu ina kan bakata, fili da ciyawa mai kyau sun fi kowane gari da za a saya. Buɗe masa ƙofa tukuna ka ga ko zai sake kula katanga.

Hafsat_Makiyayiya:
Malam Gwarzo, fili ba zai sa masa tagulla a hanta ba ai. Dakta, in na samu abincin goɗiya masu ciki, daga wane wata zan fara ba ta, kuma in bar mata gishirin lasar yadda yake?